Haƙorin da Mai Shi Bai Taɓa Gani Ba

Ranar da muka kwashe tarkacen sito don a samu wurin jera batiran sola, sai ga wani baƙin akwati ya ɓullo daga ƙarƙashin kwalaye, ya sha ƙura, hannayen yadi biyu na reto a gabansa kamar an yanko su daga jikin riga. Yarinyar da ke taya ni aiki, wadda ba ta fi shekara biyu da gama makaranta ba, ta jujjuya shi, ta leƙa ta jan gilashin murfinsa, ta ce, "Likita, wannan kuma na mene ne? A zubar?" Na ce ta ɗaga murfin. Wani wari mai tsami-tsami ya taso, kuma kafin in buɗe baki in ba ta amsa, warin nan ya riga ya mayar da ni baya shekara ashirin.

A cikin akwatin nan muke wanke hoton haƙori. Kofuna huɗu ne a jere: maganin fito da hoto, ruwa, maganin kafe shi, sai kuma ruwa. Ka zura hannuwa ta cikin yadin, ka ɓare ɗan fim ɗin da bai wuce kan sarki biyu girma ba, ka riƙa tsoma shi kana ƙirga lokaci. Takardar jikin kwalba ta ce minti biyar a ruwa mai sanyin digiri 20. Wanda ya rubuta haka bai taɓa yin watan Afrilu a Kano ba. Da bazara maganin kan cinye fim ya fito baƙi ƙirin, in kuwa ya kwana biyu ya sane, hoton ya fito fari kamar hazo. Ƙanƙara mukan aika a sayo mu jiƙa kofunan. Idan hoto ya lalace, sai a koma a kira mai haƙori, a ba shi haƙuri, a sake haska shi a kan laifin da ba nasa ba.

Idan kuma Allah ya sa ya fito, sai in ɗaga shi saitin taga, ruwa na ɗiga daga maƙalinsa, in nuna wani ɗigon duhu da bakin biro in ce, "Alhaji, ka ga nan?" Ya ƙanƙance ido ya ce, "To." Bai ga komai ba, na sani, shi ma ya san na sani. Daga nan sai maganar da na ji sau dubu: "Likita, ai kai ka san aikinka." Shekaru na yi ina jin daɗin maganar, ina ɗaukar ta yabo. Sai daga baya na gane cewa maganar wanda ba shi da yadda zai yi ce.

Wahalar hoto ta girme mu nesa ba kusa ba. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kuma ba a yi wata uku ba wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, ya cusa farantin gilashi a bakinsa ya yi minti 25 ana haska shi, ya samu hoton haƙoransa. A Amurka akwai Edmund Kells na birnin New Orleans, wanda ya rungumi abin tun a 1896. Hasken ya cinye masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, har aka kai ga yanke hannun gaba ɗaya. Da labarinsa malamanmu ke tsorata mu kada mu kuskura mu riƙe wa mara lafiya fim da yatsanmu. A zamanin karatunmu, shekarun 1990, makarantun koyon likitancin haƙori huɗu ne a Nijeriya, Legas da Ibadan da Ife da Benin, babu ko ɗaya a Arewa, don haka duk ɗan Arewan da ke son aikin sai ya ƙetare Kwara. Na ji gargaɗin, na ci jarrabawa a kansa, amma ba zan ɓoye ba, na sha danna wa yaro mai kuka fim da ɗan alina don kada hoton ya girgiza a sake.

Tun 1987 wani likita ɗan Faransa, Francis Mouyen, ya fito da ɗan farantin lantarki da ke maye gurbin fim, ya aika hoto kai tsaye zuwa allo. Kafin irinsa ya shigo ɗakina an yi shekara ashirin da ɗoriya.

Amma ba ta ɗakin aiki kwamfuta ta fara shigo mana ba, ta teburin yankan kati ta shigo. Da can fayil-fayil ne na kwali jere a kanta har rufi. Mutum ya zo ya ce ƙaramin katinsa ya ɓata, a tambaye shi suna, ya faɗi sunan da mutum ɗari ke amsawa a unguwa ɗaya. Akawu ya duba ya gaji, ya buɗe masa sabo. Haka za ka tarar mutum guda da fayil uku, a ɗaya an rubuta da jan biro cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, sauran biyun shiru. Wannan ne ya tsorata ni, fiye da gara da yoyon damina waɗanda su ma sun ci rabonsu.

Akawunmu dattijo ne, ya yi aikin gwamnati ya yi ritaya. Da aka kawo kwamfutar bai yi musu ba, ya koya, amma bai saki babban littafinsa ba. Duk wanda ya shigo sai ya rubuta shi a littafi, da yamma kuma ya zauna ya shigar da su ɗaya-ɗaya da yatsa biyu. Aiki biyu, kusan shekara guda. Na yi magana har na gaji. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ba na iya taɓawa da hannu ban yarda na ajiye shi ba." Wata rana da tsakar dare aka kawo wuta da ƙarfi, ta ƙone rumbun kwamfutar ƙurmus, da sunaye da tarihin magani da lissafin masu bashi. Washegari dattijon nan bai ce mini uffan ba, ya dai ɗauko littafinsa ya ɗora a kan teburina ya koma kujerarsa. Tun daga ranar komai namu wuri uku ake ajiye shi, kuma ɗaya daga ciki ba ya kwana a cikin ginin.

Manhajar ma sai da muka yi mata kwaskwarima. An rubuta ta ne don mutanen da kowa ke da sunan dangi guda, da ranar haihuwa tabbatacciya, da wayarsa ta kansa. Mu kuwa kusan rabin dattawan da ke zuwa 1 ga Janairu aka haife su a takarda. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar a 2001 lambar waya ta zama abin da ya fi saurin nemo mutum, sai dai sau da yawa lambar maigida ce, a ƙarƙashinta akwai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Saƙon tunin ranar dawowa ya taɓa zuwa wa wani magidanci game da amarya, ya kawo uwargida. Dole muka ƙara gurbin unguwa da sunan kaka, da kuma tambayar "wayar wa ce?"

Farantin hoton da ya zo, ya yi abin da aka ce zai yi. Daƙiƙa kaɗan hoto ya bayyana, hasken da ake buƙata bai kai na fim ba, ana iya faɗaɗa shi, a ƙara masa haske, a auna tsawon saiwa kafin a shiga aikin jijiya. Babu ƙanƙara, babu ruwan magani mai azurfa da muke rasa inda za mu zubar. Aibinsa shi ne kauri da tauri, ga waya a bayansa, mai ƙaramin baki yakan yi ta yunƙurin amai. Kuma ba ya son faɗuwa. Ma'aikatana har tsokanata suke yi, wai in ni da farantin muka zame tare, shi za a fara ɗagawa kafin a tambaye ni ko na ji ciwo.

Abin da ya sauya aikina da gaske kuwa shi ne mafi arha a cikin duk kayan da na taɓa saye. 'Yar kyamara ce mai siffar buroshin goge baki, da fitilu ƙanana a kanta, kusan a matsayin gyara mai sayar da farantin ya haɗo mini da ita. Ta yi watanni a aljihun tebur.

Sai wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya shigo wata Litinin, hannu dafe da kunci. Irinsa ne yawancin masu zuwa wurinmu. Ba a zuwa wurin likitan haƙori sai kanumfari ya gaza, an danna ƙwayar asfirin a dasashi ta ƙone shi, an gwada na mai tallar magani a mota, wani har ruwan batir. In an zo kuwa, da hukunci ake zuwa, ba da tambaya ba. Ko gama zama bai yi ba ya ce, "Likita, cire shi kawai, ina da kaya a hanya." Turame uku ya riga ya rasa ta wannan hanya. Na san in na fara bayanin cewa haƙorin zai gyaru, abin da zai ji shi ne likita na neman kuɗi. Ban san abin da ya sa na tuna da kyamarar ba. Na juyo masa da allo, na zura ta.

Turminsa ya cika allon, ya yi girman ƙwarya, ga rami baƙi a tsakiya, gefensa ya dare, ragowar abinci a ciki. Mutumin ya yi tsit. Can ya cire kyamarar daga bakinsa da hannunsa ya ce, "Wannan bakina ne?" Na ce naka ne. Ya ƙura ido ya ce, "To ina tsutsar?"

Tambayar ba ta wauta ba ce. Haka aka gaya masa tun yana yaro, kuma akwai masu turara hayaƙi su nuna wa mutum wasu 'yan farare a ruwa su ce ga su nan sun fito. Ni ma na sha cewa babu wata tsutsa, ba a taɓa yarda da ni ba sai ranar, da ya leƙa ramin da idonsa ya ga wayam. Daga nan maganar ta yi sauƙi: ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna cin sukarin shayi da lemon kwalba, suna fitar da tsami, tsamin yana narkar da haƙori a hankali har ya kai ga jijiya. Na sa hoton saiwar kusa da shi, ya ga duhun ƙurji a ƙarshenta. Na zagaya da kyamarar zuwa giɓin da ya bari shekaru, ya ga haƙorin sama ya zazzago yana neman abokin taunarsa, na kusa kuma ya kwanta. Shi da kansa ya ce, "In an cire wannan, da me zan ci nama?" Sau uku ya dawo aka gama aikin jijiyar. A zuwa na huɗu da iyalinsa ya zo, ya tsaya a bayana yana yi musu bayanin tsutsa.

Gani ya kori ji, haka Bahaushe ya ce, amma ban san nauyin maganar ba sai da na yi shekaru ina aiki a wurin da mai abu ba ya iya ganin abinsa. Mutum na ganin ciwon ƙafarsa, yana ganin ƙurjin hannunsa. Turminsa na sama kuwa zai iya shekara saba'in yana tauna da shi bai taɓa sanin kamanninsa ba.

Inda abin ya fi yi mini amfani shi ne wurin iyaye mata. Yaro na da haƙoran nono 20, babba na da 32, kuma turmin farko na dindindin yakan fito ne wajen shekara shida, can bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa uwa ke ɗaukarsa na nono. Ka ce mata ya fara ruɓewa, ta ce, "Ai zai yi famfara, wani zai fito." Babu wanda zai fito. Yanzu sai in sa ta ƙirga da kanta a allo, daga tsakiya zuwa baya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, waɗannan na nono ne, na shidan nan shi ke nan har tsufa. Na ga iyaye da yawa sun dafe ƙirji a daidai nan.

Allon bai bar ni ba ni ma. Cikon da na yi shekara goma baya, wanda a madubi yake lafiya lau, kyamara ta nuna gefensa ya yi tudu yana tare abinci, mai haƙorin kuma yana kallo tare da ni. Wani ya ce, "Wa ya yi wannan?" Fayil ɗinsa na buɗe a gefe, da sunana. Mutane sun fara musu da ni, suna neman a tura musu hoton su nuna wa wani likitan. Da farko abin ya sosa mini rai. Yanzu in mutum ya ce "kai ka san aikinka" ba tare da ya kalli allon ba, sai in ji ban gama da shi ba.

Ɓangaren da nake jin nauyin ba da labarinsa shi ne na awon baki, domin a nan ne ci gaban ya taka mutum.

Duk wanda aka taɓa yi wa haƙorin roba ya san ƙullun nan mai ƙamshin na'a-na'a da ake cika ɗan faranti da shi a danna a baki. Aljinet sunansa, daga ciyawar teku ake samo shi, kuma ya bazu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka rasa wani makamancinsa da ake kawowa daga Japan. Abu ne mai arha, mai kuma rigima. Da zafi yakan daskare a kwano kafin ka kai shi baki, sai da ruwan sanyi. Da hunturu, in ka bar shi a sarari, iska ta zuƙe ruwansa ya tsuke, awon ya tashi a banza, don haka dole a zuba masa filasta nan take. Mai saurin amai kuwa, minti ukun nan da faranti a bakinsa sun fi masa cire haƙori azaba. In hular tangaran da ake kifa wa haƙori za a yi, sai a naɗe samfurin filastan da auduga a ba motar dare ta kai Legas, a jira mako biyu ko uku. Wani lokaci ya isa a karye. Wani lokaci hular ta dawo ta ƙi zama, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi ta waya.

Haƙoran roba kuwa da can a gida ake yin su, a ɗan ɗakin baya, wurin Baba. A Inugu ya koyi haɗa haƙori, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kuma kowa Baba yake ce masa har ni. Kayan aikinsa fitilar sifirit, da wuƙar kaki wadda ƙotarta ta yi baƙi don riƙo, da jan kaki falle-falle. Baba ba ya fara aiki sai ya fito ya ga mai bakin. Ya gaishe shi, ya ja shi da hira har ya yi dariya, ya ce a kawo tsohon hoto in akwai. Dattijon da ya shekara hamsin yana cin goro, Baba ba zai ba shi haƙora farare tas ba, sai ya ɗan rina wuyansu, ya ce, "In ya shiga masallaci da farare, kowa zai san na saye ne." Wata Hajiya ta zo da haƙorin Makkanta ƙulle a bakin mayafi, ya nema masa gurbi a cikin na robar, daidai inda yake a da.

Tunanin a auna baki da haske maimakon ƙullu ya daɗe. François Duret ya rubuta shi a kundin digirinsa a Lyon a 1973. A 1985, a Jami'ar Zurich, likita Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka ɗauki hoton haƙori, na'urarsu mai suna CEREC ta sassaƙa cikon tangaran, aka manna shi a zama ɗaya. Sikanar yau jikar wannan ce: sanda ce mai kauri, tana ɗaukar dubban hotuna tana ɗinke su, baki ya riƙa tsirowa a allo kamar ana gina shi.

Bayan kullen korona na ci bashi na saya. Watannin farko kunya na sha. Awon da nake gamawa da ƙullu cikin minti biyar sai ya ci mini ashirin, hoton na yankewa, ina gumi. Wata matashiyar likita da ke bautar ƙasa a wurinmu ta ƙware cikin mako guda. Ta daɗe tana kallona, rannan ta daure ta ce, "Yallaɓai, ka daina kallon bakin, allon za ka kalla." Shekara ashirin da wani abu ina horar da idona kada ya bar bakin mara lafiya, yau ga 'yar cikina tana cewa in kau da kai. Gaskiyarta kuwa.

Sikana ba ta ganin abin da jini ko yawu ya rufe, ba ta leƙa ƙarƙashin dasashi. In ka fere haƙori a karkace, a karkacen za ta kwafe shi, ta kuma faɗaɗa maka shi a allo ka ga aikinka. Bakin da babu haƙori ko ɗaya har yanzu na fi yarda da awon hannu a kansa, domin tsoka sai an danna ta an motsa leɓe da harshe ake sanin iyakarta. Amma ga hula ɗaya ko biyu, babu haɗi. Kafin mara lafiya ya kai bakin titi, awonsa ya isa Abuja ta intanet. A can a zana hular a kwamfuta, inji ya sassaƙa ta daga farin dutsen zirkoniya tun yana da taushi kamar alli, a yi ta da girma fiye da kima da wajen kashi ɗaya cikin biyar, domin za ta tsuke a tanderu mai zafin digiri kusan 1,500. Awanni take yi a wutar nan, kuma in lantarki ya yanke a tsakiya an yi asara. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar ƙin sayen injin sassaƙa, duk da dillalai sun yi ta zarya. Cikin duk shawarwarin da na yanke a harkar nan, wadda na fi alfahari da ita ita ce ta abin da na ƙi saye.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika yin ta a tarukan da ake tallar na'urorin ba. A naira ake biyanmu, su kuwa da dala suke ci. Kan sikana yana da adadin dafawar da zai jure kafin a sake shi, wasu manhajojin duk shekara ake biyan kuɗinsu, in abu ya lalace sau da yawa sai ya bar ƙasar. A tsakiyar 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin watan Maris na 2024 ta haura 1,500, ga tallafin fetur an cire tun Mayun 2023. Batiran solar da suka kori akwatin duhu daga sito, wannan ne dalilinsu.

Bashi kuwa yakan tsaya a bayan likita yana leƙen bakin mara lafiya tare da shi. Kyamarar da ta nuna wa ɗan Kwari gaskiya, ita ce dai ke mayar da ɗan tabon goro a tsagin haƙori ya zama kamar rijiya. Wanda ya ga haka a allo, duk abin da ka ce masa zai yarda. Na taɓa kama kaina ina shirin cewa a yi hula a haƙorin da ciko zai wadatar, kuma da na bincika zuciyata, ƙarshen wata na gani a ciki. Na yi cikon. Amma na san sauƙin da ɗaya hanyar ke da shi, na kuma ga bakunan da aka bi da su ta can.

Kada kuma a ɗauka asibitin ya koma wani abu daban. Yawancin yinina har gobe cire haƙori ne da wankin baki, domin kuɗin hula ɗaya ya fi abin da mutane da yawa ke samu a wata. Na'urar da ta fi kaiwa inda ba na kaiwa ita ce wayar aljihu. Wani ma'aikacin lafiya a ƙauye, wanda ya taɓa zama da mu, ya turo mini hoton yarinya 'yar shekara huɗu ta WhatsApp, kunci a kumbure, da wani baƙin tabo a tsakiya. Ya ce tun bayan ƙyanda bakinta ke wari. Noma ce, cutar da ke cinye fuskar yaran da yunwa ta raunana cikin 'yan kwanaki, wadda akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Na gaya masa maganin da zai fara ba ta a daren, da inda za a kai ta da asuba. Hoton ma dishi-dishi ne, da fitilar waya aka ɗauka.

Wayar tana da nata haɗarin. Wata rana na ga ɗana ƙarami yana wasa da tawa, yana ta wuce hotunan bakunan matan mutane. Jikina ya yi sanyi. Tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta fito, na sayi wayar asibiti daban, na kafa ƙa'ida: ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini, kuma daga ƙasan hanci zuwa haɓa kawai, sai in aikin ya buƙaci fuska.

Shi kuwa Baba, ba wanda ya sallame shi. Aikin ne ya riƙa raguwa a teburinsa, idonsa ma ya fara rauni, wani yaro da ya koya wa riƙon wuƙar kaki ya koma zana haƙori da linzamin kwamfuta. Wata rana ya naɗe kayansa a tsumma ya ce zai huta. Na yi masa abin da ya sawwaƙa, na san kuma bai kai ba.

Bara ya dawo, wannan karon a kujerar marasa lafiya. Haƙoransa biyu na gaba, na sama, sun yi ta girgiɗi har suka fita. Na ce, "Baba, ƙullu ko na'ura?" Ya ce, "Yi da abin naku in gani." Ya kalli bakinsa yana tsirowa a allo bai ce komai ba. Da yaron ya zauna zana haƙoran, Baba ya jawo kujera ya zauna a gefensa. Manhajar ta ɗauko biyu daga cikin nata, santala-santala, kai ɗaya, ta jera. Baba ya ce, "Ɗana, waɗannan ai na talla ne. Ni da wushirya aka haife ni." Ya laluba aljihu, sai ga wuƙar kakin nan, ya kai tsininta saitin allon. Yaron ya yi wuf ya ce, "Baba, allon!" Ya ja hannu baya kaɗan, ya ci gaba da nuni daga nesa: buɗa nan, ƙara, ya yi yawa, mayar, karkato da na hagu, rage masa tsawo. Sun fi rabin awa a kan milimita ɗaya da rabi.

Da haƙoran suka iso ya saka, ya karɓi madubi, ya yi murmushi, ya ce "fatara", ya ce "sittin", yana sauraren yadda iska ke fita. Ya cire, ya ce a ba shi injin gurza. Ya ɗan shafi gefen na dama sau biyu, ya hure, ya goge a hannun rigarsa, ya mayar. Na fara karanta masa ƙa'ida, cewa kada ya gatsa abu mai tauri da su, ya cire su in zai kwanta. Ya dube ni ta saman tabarau har na yi shiru. Sannan ya ciro farin goro, ya yanki ɗan ƙarami da wuƙar kakin, ya tura shi can gefen turame, ya tambayi yaron ko gobe da wane lokaci yake fara zane.